Fim ɗin Minti 14 da Ya Tayar da Ƙura a Aji

Malama Mai Alli: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri, yau zan cika ku da surutu, abu ne ya tsaya min a rai tun Laraba. Kun san ina koyar da ɗaliban kiwon lafiya 'yan ajin ƙarshe darasin mu'amala da majinyata a nan Jos. Shekara shida ina yinsa da alli da baki. In ce musu duk wanda ya zo gabanku majinyaci ne, su rubuta, su haddace, su juye min a jarrabawa, a tashi. Bana na ce bari in canza salo. Na aro majigi daga ofis, muka toshe tagogi da labule, na nuna musu ɗan gajeren fim na minti 14 da ƙaninmu Ɗan Kyamara ya haɗa.

Kashi biyu ne. Na farko wata uwa ce, an rufe fuskarta, tana ba da labarin 'yarta da aka raɗa wa sunan mace, aka yi mata kitso da lalle shekara 13, sai murya ta buɗe, gemu ya fara tsirowa. Na biyu wani ɗan daudu ne mai sayar da abinci a tasha. Mai ya ƙona shi a ƙafa, ya je wani asibiti, ma'aikata suka riƙa kiran junansu a zo a ga yadda yake magana, ana ƙyalƙyala dariya a bayan labule. Ya ɗauki takalminsa ya fita, bai sake komawa ba.

Da aka fara, dariya ajin ya ɗauka. Kafin a kai rabi kowa ya yi tsit. Yaro ɗaya ya tashi ya fita. Washegari shugaban sashe ya kira ni, wai wani uba ya bugo waya ya ce ana koya wa yara luwaɗi da majigi. Litinin zan zauna da kwamiti. Don Allah ku faɗa min gaskiya, na yi kuskure ne?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Malama, ina ganin girmanki, amma da ɗana yana ajin nan, ni ma sai na buga wayar. Haka ake farawa. Yau a ce tausayi, gobe a ce 'yanci, jibi a kawo tuta mai launin bakan gizo a kafa a bakin makaranta. Ba mu manta hayaniyar da aka yi a kan yarjejeniyar Samoa a 2024 ba, wadda aka yaɗa cewa gwamnati ta sa hannu ta amince da 'yancin masu auren jinsi a cikinta. Kuɗin makaranta muke biya a koya musu allura da wankin ciwo, ba a nuna musu 'yan daudu suna tafa hannu ba.

Nas Mai Aikin Dare: Alhaji, wankin ciwon wa? Ai ciwon nan a jikin mutum yake.

Baban Khalifa: To a wanke masa a sallame shi, ban ce a kore shi ba. Sai an yi masa fim?

Nas Mai Aikin Dare: Ba a wanke masa ba ɗin, shi ya sa aka yi fim ɗin. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani, shekara 17 ina ɗakin haihuwa. Ana haifar jariri, ungozoma ta duba ta kasa cewa mace ne ko namiji. Ga kaka a bakin ƙofa tana tambayar me aka samu, ga miji yana jiran a ba shi labari ya kira 'yan uwa, ga suna nan da kwana bakwai. In ma'aikaciyar ba ta taɓa jin irin wannan ba, abu biyu take yi: ko ta yi salati da ƙarfi har duk ɗakin ya ji, ko ta yanke hukunci da ka ta ce namiji ne. Su kuma iyaye su naɗe jariri su gudu gida don kunya. Alhali akwai wani nau'i da matsalar daga wata 'yar gaɓa ce da ke saman ƙoda, jikin jaririn yana zubar da gishiri. Cikin mako biyu zuwa uku sai amai, sai ƙin nono, sai bushewa, in ba a yi gwaji an fara magani ba sai dai gawa. A ce mayu ne. Maganin kuwa akwai shi. A littafi sakin layi ɗaya ne, ɗalibi ya karanta ya wuce. Amma wanda ya ji muryar uwar nan tana rawa, wallahi ba zai yi salati a kan jaririn wata ba.

Ustazun Gangare: Bismillah. Ina ganin an zuba abu uku a ƙwarya ɗaya, shi ya sa kowa ke ɗebo abin da ya ga dama.

Na farko mata-maza, wanda malaman fiƙihu ke kira khunsa. Wannan halittar Allah ce, kuma mu ne ma ya kamata mu koya wa Turawa zancensa, don littattafanmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna yi. Duk wanda ya sauke Mukhtasar na Shehu Halilu a zaure ya san da mas'alar khunsa aka rufe littafin. An kawo alamomin da ake dubawa: ta ina yake fitsari, gemu ne ya fito ko nono, haila ce ta zo ko maniyyi. In aka kasa rarrabewa, shi ne khunsa mushkil, a gado a ba shi rabin kason namiji da rabin kason mace. Malamanmu na zaure sun karantar da wannan a gaban almajirai ba tare da sun sunkuyar da kai ba. To in Malama ta nuna wa masu shirin zama ma'aikatan asibiti wannan, ni ban ga laifi ba, na ga ma an makara.

Na biyu namijin da ke da motsi da magana irin na mata. Imam Nawawi ya raba shi biyu a sharhin Muslim: wanda haka aka halicce shi bai ƙirƙira ba, wannan ba zargi a kansa, da kuma wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne abin zargi. Na uku aikin luwaɗi da maɗigo, wannan haramun ne, ba na jin akwai mai jayayya a zauren nan.

Baban Khalifa: Allah gafarta Malam, hadisin tsinuwa ga maza masu kamanceceniya da mata fa? A Buhari yake.

Ustazun Gangare: Yana nan daram, ban goge shi ba. Amma ka nuna min inda aka ce in ya ƙone a bar shi da ƙunarsa. Inda nake da ja da Malama daban ne. Kashi na biyun nan, in aka nuna shi haka kawai, yaro zai iya fita da fahimtar cewa daudanci ba komai ba ne. Me aka ce musu bayan an kunna fitila?

Malama Mai Alli: Allah gafarta Malam, tambaya uku na rubuta a allo. Me ma'aikatan suka yi? Me ya kamata su yi? Me zai faru da ƙafar in an bar ta wata guda? Ban ce halal ba, ban ce haram ba, don ba darasina ba ke nan. Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce ita addininta ya hana, na ce mata na sani, nawa ma ya hana, amma ranar da kika sa farin kaya ba alƙaliya aka ɗauke ki ba. Kuma ku tuna ajin nan gauraye yake, Musulmi da Kirista, Hausawa da Birom da Angas da sauransu. Abin mamaki, ranar kam bakinsu ɗaya, a garin da aka daɗe ba a haɗu a kan komai ba.

Goggon Kowa: Ni dai kuna ba ni dariya, 'ya'yan zamani. Kamar yau aka fara ganin ɗan daudu. Bikin yayata a Unguwar Rogo, su suka yi girkin kaf, tukwane shida, ga waina ga soyayyun kaji, suna habaici ana shewa. Tsofaffi suna cewa Allah Ya shirya, suna kuma miƙa kwano a ƙara musu miya. Ba wanda ya ce daga Amurka aka aiko su. Kuma majigin nan da kuke ta faɗa a kai, da shi aka koya wa iyayenmu rigakafi da tsabtar rijiya, a zo da mota a kafa farin kyalle a fili bayan magariba. Har lokacin akwai masu cewa dodon bango ne, kada a je. Abin da ban gane ba, da can ana zaune da su ana tsokanarsu, yanzu kuma sai in ji an bi wani da duwatsu. Yaushe muka koma haka?

Baban Khalifa: Goggo, da can ba su da masu ɗaure musu gindi daga waje. Yanzu akwai.

Barista Ba Kuɗi: Bari in sa baki ta fuskar doka, don Malama ta san inda take taka ƙafa ranar Litinin. Dokar hana auren jinsi, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a Janairun 2014. Shekara 14 ga waɗanda suka ƙulla auren. Shekara 10 ga wanda ya yi rajista ko ya gudanar ko ya shiga ƙungiyarsu, ko ya nuna soyayyar jinsi ɗaya a bainar jama'a, haka ma wanda ya tallafa wa ƙungiya ko taronsu. Babu inda ta ambaci aji ko darasi, kuma babu inda ta ce a hana wani magani. Sai dai kalmar tallafawa faɗi gare ta kamar babbar riga, mai neman ki da sharri zai iya cusa ki ciki ko da a ƙarshe kotu ta wanke ki. Filato ba ta cikin jihohi 12 da ke aiki da dokokin laifi na shari'ar Musulunci, amma tsohon kundin laifuffuka na Arewa ya lissafa namijin da ke shigar mata a bainar jama'a cikin 'yan gararamba. Wato shi mutumin cikin fim ɗin ya fi ki zama a bakin rami.

Shawarata, ki je da takardar tsarin darasi, ki nuna inda fim ɗin ya shiga manhaja, ki kai musu shi su kalla da idonsu. Rabin masu ihu ba su gani ba.

Alhaji, batun Samoa kuwa, gwamnati ta musanta, kuma waɗanda suka karanta takardar ba su ga inda aka rubuta abin da aka yaɗa ba.

Baban Khalifa: Gwamnati ta taɓa amsa wani abu ne?

Barista Ba Kuɗi: Nan kam ka ci ni.

Ɗan Kyamara: Tunda ni na haɗa fim ɗin, bari in yi magana. Da Malama ta fara nemana, wani abokina ya ce me zai sa mu wahala, a ɗauko na waje mana. Ya kawo misalin Rafiki na Kenya, wanda hukumar tace fina-finansu ta haramta a 2018 duk da an nuna shi a bikin fina-finai na Kan a Faransa, har sai da kotu ta ɗage haramcin na kwana bakwai. Na ce a'a. Wancan labarin soyayya ne, an gina shi don ka goyi bayan masoyan. In ka kunna shi a aji a Jos, kafin minti biyar an daina maganar majinyaci an koma maganar Turawa, kuma da gaskiyar masu faɗa. Mu abin da muke nema shi ne mutumin da ɗalibin zai tarar a kan benci gobe, mai jin Hausa, mai warin hayaƙin itace a riga.

Amma in faɗa muku wani abu da Alhaji yake da gaskiya a kai, ko da bai faɗe shi haka ba. Kyamara ba ta da adalci. Hirar awa biyu na yi da mutumin, na yanko minti shida. Ni na zaɓi inda ya yi shiru ya goge ido, na matso da hoton kusa, na sa sarewa a ƙasa a hankali. Da na ga dama, daga hirar nan ɗaya zan fitar da wanda za ku yi ta dariya har ku faɗi, kamar yadda finafinanmu na Hausa suka saba, ɗan daudu ya shigo ya karya murya ya murguɗa baki a yi nishaɗi ya fita. Mu a Jos ya kamata mu fi kowa sanin wannan, ga Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da aka kafa a 1979 da hedikwatarta a garin nan, ga makarantar koyon fim ɗinta, ga kwalejin talabijin ta NTA. Don haka duk malamin da zai yi amfani da fim a aji, ya koya wa yara su tambayi wa ya riƙe kyamarar, me ya yanke ya zubar, wa ya biya kuɗin.

Baban Khalifa: To wa ya biya naka?

Ɗan Kyamara: Malama ta ba ni kuɗin mai da na abinci. Har yanzu ina bin ta kuɗin batir.

Malama Mai Alli: Za a biya ka ƙarshen wata, kada ka tona min asiri.

Autar Zaure: Anti Malama, ku yi haƙuri in katse ku. Ban so in yi magana ba, amma kun san wani ya ɗauka da waya? Ƙanwar ƙawata tana ajin. Tun jiya wani guntu na daƙiƙa 40 yake yawo a WhatsApp, an sa masa kiɗa da hoton dariya. Wajen mai abincin ne.

Malama Mai Alli: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ce kowa ya kife wayarsa a kan tebur.

Autar Zaure: Daga baya aka ɗauka, ana ma ganin kawunan mutane. Fuskar a rufe take, amma a ƙasa wani ya rubuta sunan tashar. Ya ce ya gane rumfar da shuɗiyar kular da ke bayansa.

Ɗan Kyamara: Subhanallah. Kular. Na rufe fuska, na bar kular. Muryar ma ban canza ba, don na ga in na canza ta darasin ya tafi, ai a kan muryar aka yi masa dariya. Na yi masa alƙawari da bakina cewa aji ɗaya ne zai gani.

Barista Ba Kuɗi: Ka rubuta yarjejeniya da shi?

Ɗan Kyamara: Da baki ne, Barista. Ba ya karatun boko.

Barista Ba Kuɗi: To ka ga inda gizo ke saƙa. Tun safe muna ta auna ko yara za su lalace, ko Malama za ta rasa aiki, ba wanda ya tambayi shi mai ƙafar. Auta, ki turo min lambar wanda ya fara sakawa ta gefe, ba a nan ba. Zan kira shi da kaina in karanta masa abin da zai sa ya goge.

Baban Khalifa: Kun gani ko? Da an bar kaza cikin gashinta. Ban yarda da rayuwar mutumin nan ba, ko kusa, amma in yaran tasha suka far masa saboda wannan, alhakin a wuyan wa? Ni a Taminus nake kasuwa, na san yadda abu ke tashi a garin nan. Mutum ɗaya ne zai yi ihu.

Nas Mai Aikin Dare: Wannan kam gaskiyarka ce, Alhaji. Amma kazar da aka bari cikin gashinta ita ce ta kore shi daga asibiti tun farko.

Ustazun Gangare: Ku bar wannan yanzu. Wanda ya yaɗa ya ci amana, ya tona asirin Musulmi, kuma in ɗalibin asibiti ne, abin tsoron ya fi haka, don gobe asirin matanmu ne a hannunsa. Malama, wannan ki kai wa kwamitin kafin su kawo miki. Ɗan Kyamara, tashi ka je wurin mutumin, kada ya ji a bakin wani. Uwar yarinyar fa?

Ɗan Kyamara: Ita a ɗaki na ɗauke ta, bango ne kawai a bayanta, kuma ba 'yar garin nan ba ce. Na fita yanzu.

Shugaban Zaure: Jama'a, duk wanda guntun nan ya shigo wayarsa ya goge, kada in ga an turo shi nan ko da sunan a ga abin da ake magana a kai. Wanda ya turo zan cire shi, ko yayana ne.

Goggon Kowa: Yayanka ai ba ya iya turawa, sai jikokinsa sun taya shi.

Malama Mai Alli: Na kasa cin abinci. Na zauna ina ta tunani, da na kawo shi a matsayin labari a takarda, ba suna ba tasha, da ba abin da zai same shi. Amma na yi shekara shida ina kawo irinsa a takarda, kuma ba mamaki cikin waɗanda suka yi masa dariya a bayan labule akwai wanda ya ci darasina da maki mai kyau. Ban san wanne ya fi ba. In zan sake, sai dai a sa ɗan wasa ya hau labarin, a ɗauka a wani wuri daban, wayoyi kuma a tara su a kwali a bakin ƙofa.

Baban Khalifa: In za ki sake, ki nuna na uwar, ki bar na biyun. Na farkon ko ni zan zauna in kalla.

Malama Mai Alli: Na biyun ne suka yi wa dariya, Alhaji. Shi ne suke buƙata.

Baban Khalifa: To ba mu daidaita ba ke nan.

Ustazun Gangare: Malama, in kwamitin zai yarda, zan zo ranar Litinin da Mukhtasar ɗina in buɗe musu shafin ƙarshe. A kan kashi na farko zan tsaya miki. Na biyun kuma zan faɗi abin da na faɗa a nan, ba ƙari ba ragi, har da inda nake da ja.

Malama Mai Alli: Na gode, Allah gafarta Malam. Ƙarfe goma ne.

Ɗan Kyamara: Na dawo. Bai fito da abinci ba yau, yaronsa na tarar yana wanke tukwane, shi ya raka ni gidan. Ya riga ya gani, wani kwandasta ya nuna masa tun jiya. Bai yi min faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Cewa ya yi shekara 30 ana yi masa dariya a tashar nan, wannan ba sabo ba ne, abin da yake tsoro kada ya kai ga 'yarsa da ke gidan miji a Bauchi. Ban ma san yana da 'ya ba. Awa biyu ina masa tambayoyi ban tambaye shi wannan ba. Ya ce zai huta kwana uku ya ga yadda iska za ta kaɗa.

Barista Ba Kuɗi: Yaron da ya fara saka guntun ya goge, ya kuma saka a shafinsa cewa a goge. Kuka ma ya yi min. Waɗanda suka riga suka sauke kam sai addu'a.

Nas Mai Aikin Dare: Ƙanina, ƙafar fa? Ta warke?

Ɗan Kyamara: A'a, Yaya. Tsumma ya ɗaure ta da shi, yana shafa man kaɗanya. Gefen ya yi baƙi, kuma akwai wari.

Nas Mai Aikin Dare: Wata nawa ke nan?

Ɗan Kyamara: Ya kusa uku.

Nas Mai Aikin Dare: Ka tambaye shi ko yana yawan fitsari da jin ƙishirwa, kada a ce akwai suga a ciki. Gobe ina aikin dare. Ka ɗauko shi a Keke bayan isha'i, in kun iso ƙofa ka kira ni in fito da kaina. Ya sa rigar sanyi, zai daɗe a zaune.

Baban Khalifa: Kuɗin Keken da na magani a faɗa min nawa ne. Amma kada a ce masa ni ne.